Gwaggo Alheri, Mai Warware Jigidar Ƙaro

Tun kafin masu waina su hura wuta a bakin tashar Kaura Namoda, Gwaggo Alheri ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Da tagogi take farawa. Sannan ta ɗauraye kwalaben gwaji ta kifa su a jere, hasken safiya ya ratsa su ya zuba a bango yana rawa kamar ruwan tafki. Wani lokaci takan tsaya kallonsa har ta manta da tsumman da ke hannunta. Ba lakcara ba ce, babu ƙofar da ke ɗauke da sunanta. Ma'aikaciyar ɗakin ce, 'yar ƙasar Zuru. Da ƙuruciya ta zo, ga shi bana za ta ajiye aiki da furfura.

Da ƙaro aka fi saninta. Takan ɗaga dunƙulensa ta ce sukari ne iri-iri Allah ya sarƙa a ciki, ƙwaya bayan ƙwaya, har da rassa, aikin mai bincike kuwa ya gano wace ke bin wace. Da Shari'a ta zo aka raba layin maza da na mata, misalinta ma sai ya rabu biyu. Gaban maza ta ce, "Carbi ne." In ta juyo wajen mata sai ta rage murya: "Jigida ce, ku kun san zancen." Dariya ta ɓarke cikin hijabai.

"In kun tsinke ta duka, kun ga launin duwatsun," in ji ta, "amma wa zai gaya muku yadda aka jera su? Ku tsinka a hankali ta fito bibbiyu, uku-uku, sai ku gane maƙwabcin kowa."

A shekarar ne Naja'atu, 'yar makiyaya daga Katuru, ta zo da ƙaron dakwara da kakarta ta ɓamɓaro mata, za ta yi binciken kammala karatu a kansa. Shekara biyu baffanta ya ba ta ta yi karatu, babu ƙari. In ta faɗi, gida za ta koma hannu wofi. Tsoron haka ya sa ta ɗoki, ta bar ƙaron ya daɗe yana tafasa cikin ruwan asid, ya warwatse ƙwaya-ƙwaya.

"Ɗiyata, wanga ai yankan mahauta ne," in ji Gwaggo. "Mi ya rage?"

Ɗan gutsure ne ya rage kamar ƙwallon dabino, da takardar gwaji ƙwaya ɗaya tak.

Karo na biyu Gwaggo ta zauna kusa da ita, ta naɗe hannuwa a ƙirji, don ba ta taɓa yi wa ɗalibi aikinsa. Da lokaci ya yi ta ce, "Sauke." Naja'atu ta ɗiga ruwan a kan takardar, gefe da gefe da sukarin da aka riga aka sani don kwatance, suka rataye ta cikin tankin gilashi. Wani ruwa zai riƙa bin takardar sannu a hankali yana jan sukarin: ƙwaya ɗaya ta yi nisa, masu haɗe su tsaya kusa. Amma in aka bar shi ya wuce iyaka, ya wanke komai.

Safiyar Lahadi ya kamata a cire takardar. A lokacin an hana mata hawa baburan kabu-kabu, motar mata kuma ba ta fito ba, Naja'atu ta taho a ƙasa tana haki. Ta tarar da takardar a rataye tana shan iska. Gwaggo ce ta baro coci ba a tashi ba ta cire ta, littafin waƙa na nan a hammatarta.

Suka fesa maganin da ke fito da tabo. Takarda na nan fara fat, sai ta ji zafi za ta yi magana. Tanderun ɗakin kuwa na lantarki ne, an ɗauke wuta tun jajibirin Juma'a, gobe Litinin mai jarrabawa zai iso. Naja'atu ta durƙushe, ta rufe fuska.

Gwaggo ta kalli waje. Can gindin darbejiya Mudi, mai wankin ɗalibai, yana fifita dutsen gugarsa.

"Mudi, aro mani dutsenka."

"Gwaggo, takarda za ki yi wa guga? Biki za ta?"

"Biki za ta, kai ba a gayyace ka ba. Rage garwashin."

Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan takardar, ta gwada zafin dutsen a wani yanki, ta jira ya ɗan huce. Sai ta miƙa wa Naja'atu.

"Ni, Gwaggo? In na ƙona ta hwa?"

"In kin ƙona, taki kika ƙona. Kama."

Yarinyar ta bi ƙyallen da dutsen, ta ɗaga. Da farko babu komai. Can sai wani ɗigo ja-ja ya leƙo, wani mai ruwan ƙasa ya biyo shi, suka riƙa fitowa kamar taurarin magariba: na nesa ɗai-ɗai, na kusa kuma ga su nan, masu haɗen da take nema. Mudi, wanda har yau yake ba da labarin, ya ce shi salati kawai ya kama. Naja'atu ta ci jarrabawarta, yanzu tana koyar da 'yan mata kimiyya a Shinkafi.

Ke ce, Gwaggo. Inuwar da ba ta tambayar sunan mai zama. Ke kika san zafin da takardar ke so, da kin goga da kanki babu mai ganin laifinki. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma da ke riƙe da wani sani, a aji ne ko a gareji ko a gona, ku koya daga gare ta. Ku rage garwashin, ku gwada zafin, sannan ku miƙa wa mai shi dutsen, ko da yana tsoron ƙonawa.