Sirinjin Sista Rifkatu

Har yau ban manta ranar da aka kama bugun zuciyar 'yata Hafsa a na'ura ba. Lokacin ina shara a wani ƙaramin asibiti a Makarfi, ita kuma tana da shekara biyar. Haka kawai zuciyarta za ta kama gudu kamar injin niƙa, ta yi fari fat, gumi na zuba. Kullum kafin mu iso asibiti daga garinmu Dandamisa ya lafa. Likita ya ce sai an manna mata wayoyin awon zuciya a daidai lokacin da abin ke yi, sannan a san maganinsa. Shi ya sa na riƙa zuwa da ita aiki.

A nan ta liƙe wa Sista Rifkatu, nas ɗin ɗakin yara. Ni na goya, ni na shayar, amma ƙosai ma sai ta gutsura wa Sista. Ina goge ƙasa ina jin dariyarsu, raina na ɓaci.

Rannan da hantsi ta dafe ƙirji. Na yar da tsintsiya na kwantar da ita, aka manna mata wayoyin, ta dinga fizge su tana kuka. Likita ya ce in ba ta natsu ba takardar ba za ta karantu ba.

"Hafsa, ni ce fa, Ummanki!"

"Sista nake so!"

Sista ta ce, "Maman Hafsa, ɗan matsa min." Wallahi kamar ta mare ni. Na matsa.

Da Sista ta riƙe ta, yarinya ta kwanta lamo, takarda ta fito. Sai Sista ta miƙa mata sirinji marar allura. "Ƙawata, hura da ƙarfi, ki tura min sandar nan baya." Ta hura har kumatu suka kumbura, aka ɗaga ƙafafunta sama. Bugun ya sauka ina gani. Da takardar aka tura mu Zariya, aka ɗora ta kan magani.

Da za mu tashi Sista ta danƙa min sirinjin. "A gida ke ce nas. In bai sauka ba, ku taho."

Ku sababbin ma'aikatan asibiti, abin da na koya ke nan: a aikin nan wanda yaro ya yarda da shi ake ba wuri, ko da uwa ce za ta koma bakin ƙofa. Yanzu ni ke riƙe mata sirinjin. Tana gama hurawa sai ta ce, "Umma, ba haka Sista take riƙewa ba."