Kunamar da Ba a Taɓa Tambaya Ba

Gidanmu na Nassarawa irin tsofaffin gidajen ma'aikata ne, mai faɗin fili da manyan itatuwan mangwaro, amma duk faɗinsa Iya ba ta ga wurin zama ba sai barandar baya, kusa da kicin. Iya ita ce mahaifiyar Abba. Bayan rasuwar kakanmu aka ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Ringim, ta zo da kaskon wutarta, ta ce ita murhun gas ba wuta ba ce, tunda ba a zama a kewaye shi. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura gawayi ta jera masara, mu kuma mu shimfiɗa tabarma, ni da Yaya Bilki da ƙanena Nura.

Sunan kakanmu aka sa mini, don haka Maigida Iya take kirana. Ni ne kuma mai katse mata labari. Me ya sa kura ba ta ƙoshi? Wa ya koya wa zomo magana? Sai ta ɗaga mafici kamar za ta buge ni, ta ce, "Kai Maigida, wancan na farkon bai dame ni haka ba."

Abu ɗaya ne ban iya tambaya ba, shi ne ciwona. Da sikila aka haife ni. Tun kafin in san sunanta na haddace dokokinta: kada ka shiga ruwan sama, kada ka yi ƙwallo, sa rigar sanyi, shanye ruwan nan. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili. In na tambayi Umma sai idonta ya kawo ruwa, ni kuma sai in bar maganar.

Wata damina, ina aji huɗu na firamare, aka yi ruwa da la'asar. Na hango Nura da yaran maƙwabta suna tsalle a ƙarƙashin indararo, na tuɓe riga na sulale na bi su. Har yau ina tuna daɗin ruwan nan a bayana. Kafin magariba ƙasusuwana suka ɗauka, kamar ana daka su a turmi. Na kwanta asibiti fiye da mako. A can ne wata mata da ta zo dubiya, ta ɗauka barci nake, ta rage murya ta ce wa Umma, "Sai haƙuri, Hajiya. Irin waɗannan yaran aro ne, ba a sa rai da su."

Da aka sallamo ni na koma tabarmar Iya, amma bakina bai dawo ba. Ta yi tatsuniya, ta sake wata, ban ce uffan ba. Wani dare ta dube ni ta daɗe, ta juya masara, sannan ta ce, "Ga wata nan a bakin ƙofa, a buɗe mata?"

"A buɗe mata ta shigo," in ji Yaya Bilki da Nura.

Ta ce wai an yi wani yaro da aka haifa da kunama a cikin tafin hannunsa. Ungozoma ta kaɗe ta, ta dawo. Uban ya kai ta bayan gari ya binne, kafin ya iso gida ta riga shi. Aka kira masu magani gabas da yamma, aka yi turare, aka yi tsaga, kunama tana nan. In ta ga dama sai ta harbe shi, ya kwana yana kuka. Mutanen gari suka ce wannan yaro ba na zama ba ne. Iyayen suka hana shi gona, suka hana shi kasuwa, suka ajiye shi a ɗaka.

Da zaman ɗaka ya ishe shi, ran nan sai ya buɗe hannunsa ya dube ta. Nan Iya ta buɗe nata tafin a gaban wuta, ta sunkuya kamar mai gaida baƙo. "Ya ce, ke baiwar Allah, tunda ba za ki tafi ba, gaya mini, me kike so, me kike ƙi?"

Wai kunama ta yi mamaki, ta ce tunda take ba a taɓa tambayarta ba, kowa da takalmi yake zuwa mata. Ta ce abu uku take ƙi: sanyi, ƙishirwa, da a yi ta gudu da ita ba hutu. In ya kiyaye mata waɗannan za ta rage harbi. "Amma ban ce zan daina ba," in ji ta, "don kunama ce ni." Yaro ya yarda. Ya rataya gora, ya yafa mayafi, ya fita. Ya koyi saƙa, ya yi fatauci har ƙasashen da 'yan garinsu ba su taɓa jin sunansu ba. In ta harbe shi a hanya, ya nemi inuwa ya kwanta, ya warke, ya tashi ya ci gaba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Iya, ya mutu?"

"Ya mutu mana, wa zai dawwama?" Ta miƙo mini masara mai zafi. "Ya mutu kansa fari fat, ba haƙori ko ɗaya, jikoki sun ishe shi da surutu irin naka."

"To me ya sa sanyi take ƙi?"

"Wannan kuma sai ka tambaye ta. Ni iyakar inda aka ba ni ke nan."

Da ranar komawa asibiti ta zo, likita yana rubutu yana magana da Umma kamar yadda ya saba, sai na ce, "Likita, me ya sa sanyi yake tayar mini da ciwo?" Umma ta taɓo ni in yi shiru. Shi kuwa ya ajiye biro ya juyo da kujerarsa. Ya ce ƙwayoyin jinin mutane kamar ƙananan waina suke, masu laushi, suna ratsa kowane lungu. Nawa kuwa wasu sukan lanƙwashe kamar lauje, in sanyi ya matse hanya ko ruwa ya yi ƙaranci a jiki sai su sarƙe, wurin ya ɗauki ciwo. Na tambaye shi ko ana iya ganinsu. Ya ce ana iyawa, da madubin likita. Daga ranar ba a sake bina da kofin ruwa ba, da kaina nake ɗauka.

Yau aikina ke nan, duba jini a ɗakin gwaji. Laujunan nan na gan su har ba adadi, nawa da na wasu, kuma har yanzu nakan tsaya in ƙura musu ido. Ba zan ce an daina harbina ba. Ƙuguna na hagu ya sa ina ɗingishi, kuma akwai shekarun da gadon asibiti ya fi sanina a kan nawa. Amma na yi karatu, na yi aure bayan mun yi gwajin jini ni da matata, ga 'ya'ya.

Bayan rasuwar Iya na tambayi Gwaggo Hauwa, yayar Abba, ko ta san ƙarashen tatsuniyar kunama. Ta ce ita ba ta taɓa jin ta ba, ba kuma ta garinmu ba ce. Sai na ba ta labarin. Can ta ce kafin a haifi Abba, Iya ta binne 'ya'ya maza biyu. Hannuwansu da ƙafafunsu kan kumbura, idanunsu su yi ɗorawa, su kwana suna kuka in damina ta sauka. Wasu suka ce amosani ne, wasu suka ce iska. Ba wanda ya kai shekara biyar.

Ashe ita ce ta daɗe da tambayar a bakinta, ba ta sami wanda za ta yi wa ba. Da ta ga jikanta a garin da ake da masu amsa, sai ta ƙirƙiri kunama a gaban kasko, ta tura ni in je in tambayo.