Gorar Garba da Ruwan Jarirai

Har gobe ban mance da ranar da aka tsayar da ni gaban alƙalan tseren jirage a bakin ruwan Yauri ba, wai ana tuhumata da haɗa asiri. Ni Kulu, da ko laya ban taɓa ɗaurawa ba! Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna jin ana ce mini Malama Mai Gora, to yau ga asalin sunan.

Lokacin ina jami'ar lafiya ta al'umma a Wara. Aikinmu shiga ƙauyuka ne, rigakafi, awon ciki, da koya wa mata yadda za su kula da yara. Bayan girbi, zafi ya fara kunno kai, akan yi gasar tseren kwale-kwale, kuma ƙa'ida ce kowace ƙungiya a haɗa ta da ma'aikacin lafiya guda, ya bi su wurin atisaye, ya tabbatar lafiyarsu ƙalau kafin su shiga ruwa. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya ce ni zan bi 'yan jirgin garinmu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da ko iyo ban iya ba?"

Ya ce, "Wa ya ce ki yi tuƙi? Ki tsaya kan tudu, ki dai dawo mini da su da ƙafafunsu."

Shugaban matuƙan Garba ne, ɗan kawuna, wato taubashina, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa sai da tsiya. Shi ke zama a gindin jirgi, can baya, inda ake sarrafa shi, kuma wurin nan gadonsa ne daga mahaifinsa. Matsalar ita ce a gasar da ta wuce, ana tsakiyar tsere jijiya ta ɗaure masa a cinya da hannu, jirgin ya dinga kewaya wuri ɗaya har sauran suka isa gaci. Dattawan masunta suka ce in aka sake haka, gindin jirgi ya bar gidansu ke nan.

Ranar farko na gane inda ciwon yake. Mutanen nan ba su shan ruwa kafin tuƙi, wai ruwa a ciki yana ƙara wa jirgi nauyi. Ga rana, ga zufa, rigunansu in sun bushe sai ka ga farin gishiri ya kwanta a baya. Na tara su a inuwa na ce zufar nan ruwa ne da gishirin jiki suke fita, in ba a mayar da su ba, ga kuma gajiya, dole jijiya ta yi gardama. Na haɗa musu a gabansu: tafasasshen ruwa lita ɗaya da ya huce, gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari ƙananan cokula shida, na matsa lemun tsami. Na ce in gishirinsa ya fi na hawaye a zubar a sake.

Wani matuƙi mai suna Bulus ya kurɓa, ya tsaya yana lasar baki. Sai ya ce, "Kai! Wanga ai shi ne matata ka ba jinjiri in yana zawo!"

Shi ke nan, wuri ya watse da dariya. Wani yana kukan jariri, wani yana cewa a kawo zane in goya Garba. Garba ya miƙe ya ce, "Kulu, ashe ba ki daina nemana da sharri ba? In 'yan tsallake suka ji mun sha ruwan zawon yara, ina za mu sa kanmu? Gara in nutse."

Na ce, "To nutse mana, ai ka san hanya."

Ba a daɗe ba kuwa aka ciro shi daga jirgi wurin atisaye, ƙafa ta sandare kamar taɓarya, yana kiran innarsa. Washegari da hantsi sai ga shi a gidana, yana sosa ƙeya. Ya ce za su sha, amma da sharaɗi. A zuba ruwan jiƙaƙƙiyar tsamiya ya sauya launi, a ɗura a gora maimakon jarkar asibiti, kuma in rantse ba mai jin abin da ke ciki daga bakina. Na ce ni dai ya shiga cikinku, ko a takalmi za ku sha ba ruwana.

Suka fara kurɓa kafin tuƙi, da lokacin hutu, da bayan sun fito. Ɗaurewar jijiya ta ragu sosai. Amma ku san maza da son burga. Garba ya ɗaura wa gorarsa jan ƙyalle. In za su sha sai su juya wa mutane baya, su fuskanci ruwa, shi kuma yana motsa baki kamar mai tofi, alhali bisimilla ce kawai. Kafin ka ce me, labari ya gama kasuwar kifi cewa na samo musu magani wurin wani tsoho a tsibiri. Mata suka koma gaishe ni har da durƙusawa. Wani mai shago ya tare ni a hanya yana raɗa, wai ko akwai irinsa na kasuwa. Wallahi sai da na shige bayan asibiti na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ranar gasa ta zo. Aka busa usur, jirage suka tashi, ganguna na tashi, ni kuma da aka ce in tsaya kan tudu sai ga ni ina gudu a bakin ruwa ina ihu, "Garba, ja! Ja, ɗan kawu!" Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, ban ko waiwaye shi ba. Daidai wurin da ya sandare a baya na rufe ido. Da na buɗe, jirginmu ne a gaba, kuma a gaba ya isa. Na rangaɗa guɗar da ban san na iya ba.

Muna cikin tsalle sai aka yi sanarwa a lasifika cewa a dakata, an shigar da ƙara. Ɗanjuma, shugaban 'yan tsallake da suka zo na biyu, ya ce mun sha asiri, kuma dokar gasa ta hana asiri da ƙwaya. Aka kira ni da Garba gaban teburin alƙalai, ni da takalmi ɗaya. Shugaban alƙalai, wani dattijo mai tabarau, ya ajiye gorar a gabansa ya ce, "Malama, mi ke cikin wagga gora?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin cutarwa ba ne, amma an rantsar da ni. Ga mai gorar nan."

Ya juya ga Garba. "Ko ka faɗa, ko mu soke nasararku."

Dattawan masuntanmu suna zaune a gaba suna kallonsa. In aka soke, gindin jirgi ya tafi. Garba ya yi zufar da ko a tseren bai yi ba. Ya yi ƙunƙuni a ƙasan maƙoshi. Dattijon ya ce ba a ji ba, ya miƙa masa lasifika. Garba ya harare ni, ya runtse ido, ya ce, "Ruwan zawon jarirai ne!"

Jama'a! Bakin ruwan nan kamar zai tsage. Mata suka ɗauki guɗa, makaɗa suka mayar da maganar waƙa nan take, wani mai kallo ya yi dariya har ya faɗo daga kwale-kwalensa. Shugaban alƙalai yana share hawaye ya ce in haɗa wani a gaban kowa. Mai shayi ya ba da ruwan zafi da sukari, mai tuyar kifi ta ba da gishiri, mai kunu ta kawo tsamiya. Na fifita ya huce, ina auna ina faɗin ma'aunin a lasifika. Dattijon ya ɗanɗana nawa, ya ɗanɗana na gorar, ya ce duk ɗaya ne.

Ɗanjuma bai haƙura ba. Ya ce, "To jan ƙyallen fa?"

Garba ya ce, "Don kada gorata ta ɓace."

Ɗanjuma ya karɓi kofin ya kurɓa don ya ƙaryata, sai ga shi ya shanye tas, ya ce ko da saura. Aka tabbatar mana da nasara. Gindin jirgi ya zauna a gidan kawuna, sai dai daga ranar sunan Garba ya koma Garba Jinjiri, kuma ni nake fara kiransa da shi in mun haɗu.

Abin da na koya shi ne, yawancin mutanenmu ba magani suke gudu ba, dariyar maƙwabta suke gudu. Na yi shekaru ina koya wa mata haɗin nan a zaure, mazansu na tsaye a waje suna cewa harkar mata ce. Rana ɗaya da Garba ya sha kunya a lasifika ta koyar da mazan da na kasa kamawa.

Da damina ta sauka, ina ɗakin duba yara sai ga Ɗanjuma ya shigo a jiƙe, rungume da 'yarsa da zawo ya kayar. Daga tsallake ya tuƙo, matarsa na riƙe da gora da cokali. Ya ce, "Malama, irin na Garba na haɗa mata, rabin cokali gishiri, shida sukari, muna ba ta kaɗan-kaɗan tun daga gida. Na yi daidai?"

Na karɓi yarinyar na duba idonta. Ta tsala kuka, hawaye na zuba shar. Ku da kuke wannan aiki kun san yaron da ruwan jikinsa ya ƙare ba ya hawaye. Na ce, "Ka yi daidai, Ɗanjuma. Kawo gorar in ƙara mata."