Layar Da Ke Cikin Motar Tsere

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, amma ba ta dabbobin dawa ba ce, tawa ce. A unguwar Edmonton ta London ta faru, a hawa na tara na gidan haya na ƙaramar hukuma, inda nake zaune ni kaɗai tun da Allah Ya karɓi ran maigidana.

Maigidana mai walda ne. A Kano ya koya, a jikin manyan motocin ɗaukar kaya, ya zo London ya ci gaba da ita a wani gareji da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Tottenham. Ni kuwa 'yar dukawa ce. Ban yi boko ba, amma tun ina ƙarama na iya riƙe basilla da fata. Ɗanmu guda ne, yana can wani gari da iyalinsa. Ranar Lahadi yake kira. In yi masa Hausa, ya mayar mini da Turanci, mu rabu lafiya.

Wata Alhamis da hantsi aka buga ƙofa. Na ɗauka masu gyaran famfo ne. Sai ga wata Baturiya, gajera, ta ba hamsin baya, hannu ɗaya kwalin kek, ɗaya hannun tsohon hoto. Ta ce a masallaci aka yi mata kwatancen gidana. Turancina na kasuwa ne da na asibiti, amma ya ishe mu.

Ta miƙo hoton. Ga mota, ga wani dogon Bature a jingine da ita yana dariya. Can a gefe, inda hoton ya ƙare, akwai rabin mutum: kafaɗa, hannu ɗaya, kunne ɗaya. Na ce mata, "Kunnen nan na san shi."

Motar kuwa ba irin motocin mutane ba ce. Doguwa ce kamar kwalekwale, tayoyin gaba sirara kamar na keke, na baya kamar na tarakta, kujera ɗaya tak. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta kai kowa asibiti. Aikinta guda ne: a jera ta da wata a miƙaƙƙiyar hanya, fitila ta kama, su tashi, kafin ka kai ƙarshen Fatiha an san wadda ta ci, sai lema ta buɗe a bayanta ta tsayar da ita. Dogon Baturen shi ke tuƙa ta, shi ne uban baƙuwata. Maigidana shi ya haɗa ƙarafunanta, bututu bayan bututu, har shekara biyu. Baturen ya sha zuwa gidanmu. Sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofa, ya ci tuwo da cokali, yaji ya sa shi hawaye, ya ce a ƙaro.

Ta ce ubanta ya rasu. Motar tun tuni aka sayar, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta ɓace. Bara ta gano ta a rumfar wata gona, kaji suna ƙwai a cikinta. To amma ga wani mutum can da tasa motar, mai kama da ita sak, kuma a jikin tasa ɗan ƙarfen da ke ɗauke da lambar motar yake, ga takardu, ya ce tasa ce ta gaske. Akwai wani dattijo da aikinsa ke nan, duba tsofaffin motocin tsere ya faɗi ta asali da ta kwaikwayo. Ya gwada su da tsofaffin hotuna, ya kankare fenti ya ga wanda ke ƙasa, ya auna tsawo da faɗi. Kowacce ta yi daidai ta wani wajen, ta kauce ta wani wajen. Ya ce sai an sami wata alama da babu mai iya ƙirƙira.

"Mama," in ji ta, "ko mijinki ya taɓa gaya miki wani abu?"

Kafin ta rufe baki na tuna. Maigidana bai taɓa haɗa ƙarfen mota ya rufe bai sa laya a ciki ba, haka ubangidansa na Kano ya koya masa. Wannan kuwa da ya ga irin gudun da za ta yi, sai ya rubuta ayoyin tsari da kansa, ya kawo mini ya ce in ɗinke. Na yanki fata a jikin jan matashin kai na fata da na zo da shi daga gida, na ɗinke. Ya tura ta da sanda can cikin bututun hagu, nesa da inda wuta za ta taɓa, ya ce mini, "Saitin zuciyarsa na sa ta." Baturen har ya mutu bai sani ba.

Duk wannan yana bakina. Amma sai na dubi matar nan. Awa biyu ke nan tana zaune a kujerata, tana shan shayina, tana tambayata yadda maigidana yake dariya, abin da yake so a miya. Shekara shida babu wanda ya tambaye ni labarinsa. Na san in na faɗa mata yau, za ta yi godiya ta tashi, ƙofar nan ta koma yadda take.

Na ce, "Tsufa, 'yar nan. Ki dawo wani makon, ko Allah zai sa in tuna."

Ta dawo. Alhamis ta biyu na ba ta labarin wandonsa da tartsatsi ya mayar rariya. Ta uku na gaya mata yadda nake ɗora masa yankakken dankali a ido in hasken walda ya hana shi buɗe su. Ta huɗu na soya mata ƙosai, ta ci bakwai, ta ce biyu ta ci. Duk abin da na gaya mata gaskiya ne, kuma na san babu wanda zai amfane ta. Tana rubutawa a ɗan littafinta, ni kuwa ina kallon agogo ina roƙon ya yi nawa. Ranar Laraba na fara sauka in sayo madara. Har labule na wanke.

Alhamis ta biyar ta zo babu kek. Ta zauna ba ta cire kot ba. Ta ce dattijon ya gaji da jira, mako mai zuwa zai rubuta hukuncinsa. Lamba tana jikin waccan, don haka waccan ce zai ce ta gaske, tata kuwa kwaikwayo. "Ba komai, Mama," in ji ta, "kin yi iya ƙoƙarinki."

Na shiga kicin na ɗora ruwa. Ina tsaye ina jin butar tana kuka, ina tuna idanun nan jajaye a ƙarƙashin dankali. Shekara biyu na aikin hannunsa za a rubuta a takarda cewa ƙarya ne, kuma ba wani ne ya jawo ba, ni ce, saboda shayi da hira. Na kashe wutar ruwan bai tafasa ba. Na fito na gaya mata komai.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Yaushe kika tuna?"

Na ce, "Tun ranar da kika fara shigowa."

Ta dubi kofuna biyun da ke kan tebur, ta dubi labulen. Na jira ta tashi. Sai ta ce, "Mako biyar kina ɗura mini shayi, tsohuwar nan!"

Na ce, "Ke ma mako biyar kina ɗura mini sukari, alhali likita ya hana ni."

Ta yi dariya har ta share ido, sannan ta cire kot ɗin.

Washegari ta zo da dattijon, wani siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Bai yarda a taɓa motar ba tukuna. Ya ce in na ga abin sannan na ce na san shi, ba zai iya karɓar maganata ba. Sai in faɗi kamanninta tun yanzu, ya rubuta, kuma in zai yiwu in ɗinka irinta. Na ce wannan mutum ya san aikinsa. Na ɗauko jan matashin, har yau ga gurbin da na yanka. Na yanki wani ɓallin a gefensa, na sa ɗan kwali a ciki maimakon rubutu, na ɗinke da baƙin zare riɓi biyu, na ƙulla ƙulli uku a kusurwa ɗaya, yadda ake yi a gidan ubana. Yatsuna sun yi tauri, abin da da nake gamawa kafin shayi ya huce ya ci mini rabin yini. Ya sa ta a ambulan ya liƙe, na dangwala yatsa.

Ranar Asabar suka kai ni garejin da aka ajiye motar. An tuɓe mata komai, sai ƙarafa tsirara da kujera. Na ɗora hannu a inda bututu ya haɗu da bututu. Waldar a jere take, ƙanana ƙanana kamar ɓawon kifi. Aikin hannunsa ne, amma na san wannan ba shaida ba ce a wurinsu.

Dattijon ya huda ɗan rami a bututun hagu, ya zura wata waya mai ido a baki, abin da ta gani yana fitowa a allo. Ya tura ta har saitin ƙirjin mai zama a kujera. Tsatsa. Ya juya ta sama da ƙasa. Tsatsa, sai gawar wani ƙwaro. Ya cire tabarau ya ce a hankali, "Hajiya, shekarun da yawa. Kowa yana mantuwa."

Kunya ta rufe ni. Ga shi na riƙe matar nan mako biyar, ga shi abin da na riƙe ɗin babu shi. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan kujerar. Na daɗe ina kallonta. Na ce da baƙuwata, "Shiga ki zauna."

Ta shiga. Ƙafarta ta kai inda ake takawa daidai, ko miƙewa ba ta yi ba.

Na ce, "Ke da ba ki kai kafaɗata ba kin zauna daram. Ubanki da ke sunkuyawa a ƙofata, nan zai shiga? Ai gwiwarsa sai ta toshe masa hanci. Wani gajere ya jawo kujerar nan gaba."

Dattijon ya ajiye wayarsa. Ya durƙusa da tocila yana shafa ƙarfen da yatsa, baya, baya, har ya tsaya. Ga tabon inda aka yanke maƙalin kujera na da, an goge shi an shafe da fenti. Ya koma ga wayarsa ya ƙara turawa, taƙi ɗaya, taƙi ɗaya da rabi.

Sai ga layar a allo. Ta yi baƙi, ta ƙanƙance, ta maƙale a inda maigidana ya bar ta. Ya matso da idon wayar kusurwa. Ƙulli ɗaya, biyu, uku. Ya yage ambulan ya ɗora sabuwar kusa da allon, ya sa tabarau na biyu a kan na farko. Baƙuwata tana cikin kujera tana kuka, ta kasa fitowa.

Ya ce za a iya yanka bututun a fito da ita, a buɗe a ga rubutun. Na ce a'a, ba a buɗe ta. Na juya ga matar na ce, "Ubanki a motar nan ya mutu ko a gadonsa?"

Ta ce, "A gadonsa, yana da shekara tamanin da ɗoriya."

Na ce, "To ku bar ta ta ci gaba da aikinta."

Dattijon ya ce hoton allon ya ishe shi. Ya ɗauko biro. Ya ce duk takardun motar sunan direba kawai ke ciki, babu inda aka rubuta wanda ya haɗa ta, yau zai rubuta. "Yaya sunan mijinki, cikakke?"

A wurinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta. Shekara arba'in da shida Malam nake ce masa, ko in ce "ka ji". Na dubi baƙuwata, ita sunan wasan da 'yan gareji suka laƙaba masa kawai ta sani. Na duba garejin nan kaf, babu mai faɗarsa a madadina. Sai na faɗa. Ya fito a bakina kamar baƙo. Dattijon ya ce in maimaita a hankali don ya rubuta daidai, na maimaita.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Dattijon ya rubuta hukuncinsa, ya aiko mini da kwafi, yana cikin akwatina. Ba na iya karantawa, amma ya ja layi a ƙarƙashin sunan, na san inda zan ɗora yatsa. Mai ɗaya motar an ce ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya aka gano wani ne can baya ya cire lambar ya maƙala wa sabon ƙarfe, shi ma haka ya saya, yanzu yana nuna tasa a matsayin kwaikwayo. Motar an mayar mata da kujera inda take a da, an yi mata fenti, layar tana ciki. Ɗana da na gaya masa ya ce, da Turanci, zai zo ya kai ni in ga ranar da za a tashe ta, har yau aiki bai bar shi ba. Baƙuwata ta sake zuwa sau biyu. Gidanta da nisa, ga aikin motar, ga jikoki. Tana aiko da kati ƙarshen shekara, da hoton motar a jiki, maƙwabciyata take karanta mini.

Ni kuwa ina nan a hawa na tara. Jan matashin yanzu gurbi biyu ne a jikinsa. Ranar Laraba nakan sauka in sayo madara, ranar Alhamis da hantsi in ɗora ruwa, in ya tafasa in zuba kofi ɗaya.