Baba Sambo da Cif ɗin da Ya Ƙi Barci

Har gobe ban manta da Larabar da na zauna a inuwar rudun albasa a Jiga Birni, mita a kan cinyata, ina gadin wani abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba don in ga ko zai yi barci. Ku sababbin shiga da kuke tambayar abin da ke sa ni dariya duk sanda wani ya ce "ai batir ne ba shi da kyau", ku gyara zama ku ji.

Lokacin ina shekarata ta biyu a wannan aiki, ƙaramar injiniyar manhaja, ƙarƙashin Injiniya Bashar. Wata ƙungiyar manoman albasa ce ta ɗauke mu. Wanda bai san albasa ba, ba zai gane tashin hankalin bazara ba: an cire ta, an jera a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta ratsa, ana jiran ta yi daraja. In zafi da laima suka taru a tsakiya, daga ciki take ruɓewa, kafin wari ya kai hanci an yi asara. Sai muka ƙera ƙananan akwatuna masu auna zafi, ana cusa su cikin albasa. Kowane akwati na aika labari ta iska zuwa ga wata na'ura da ke rataye a ginshiƙi, muna ce mata uwa, ita kuma ta tura wa manomi a waya.

A cikin kowane akwati akwai ɗan cif na sadarwa, shi ne sarkin cin batir. Dabarar ita ce ya farka, ya aika saƙo, ya koma barci. Mai sa shi barci da tashinsa wani ɓangaren manhaja ne da ake kira direba, yana zaune cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya na'urar baki ɗaya. In komai ya tafi daidai, batir ɗaya kan kai wata guda.

A rudun da muka sa su a Maiyama haka aka yi, har muna ta yabon kanmu. A Jiga Birni kuwa kwana biyu batir ya mutu. Muka canza, ya mutu. Na ce zafi ne, na kai akwatin Maiyama can, ya mutu. Na ɗauko na Jiga Birni na kawo Maiyama, ya yi lafiya lau kamar ba shi ba. Kaina ya yi zafi, kuma kun san ni, in kaina ya yi zafi bakina ba ya da linzami. Ranar Litinin, a gaban shugaban ƙungiyar, Alhaji Ummaru, na ce ni dai na duba komai, sai dai in wani ke zuƙe batiran yana cajin waya. Wallahi da wasa-wasa na faɗa.

Alhaji bai ɗauke ta wasa ba. Mutum ɗaya ne ke kwana yana tashi da wannan rudu: Baba Sambo, mai gadi, dattijon da ya yi shekaru yana riƙe da amanar albasar mutane ba a taɓa cewa ƙwaya ta ɓata ba. Kafin yamma maganar ta tashi daga Jiga Birni ta zaga har cikin garin Aliero, har an ƙara mata gishiri, wai yana karɓar wayoyin 'yan acaɓa yana yi musu caji. Alhaji ya ce ranar Juma'a, idan manyan ƙungiya suka haɗu a shagonsa na kasuwar Jega, za a sallame shi a nemo wani.

Injiniya Bashar ya kira ni gefe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Sa'adatu, kin gan shi yana caji?"

Na ce ban gani ba.

"To kina da kwana uku ki gano abin da kika gani."

Shi ya sa Laraba da hantsi na isa Jiga Birni, kunya kamar in nutse. Baba Sambo ya san ni ce tushen maganar, amma ya shimfiɗa mini tabarma, ya ajiye mini ruwan randa, ya tambayi mutanen gidanmu na Jega Firchin ɗaya bayan ɗaya. Wannan karamcin ya fi zagi ciwo. Na sa sabon batir a akwati guda, na haɗa mita mai nuna yawan wutar da yake ja, na zauna. Allura ta ɗaga, ta faɗi. Can ta ɗaga, ta faɗi. Cif na barcinsa yadda aka koya masa, ni kuma ina ta sharce gumi ina jin haushinsa, don na so ya yi laifin a gabana.

Aka kira azahar. Baba ya yi alwala, ya gyara hula, ya nufi ginshiƙi, ya sa hannu ya zare filogin uwa cikin natsuwa, ya naɗe wayar ya rataye a ƙusa, ya kama hanyar masallaci. Na bi shi da kallo. Na dubi mita: allura ta hau sama ta tsaya, wannan ba laifi ba ne, cif na neman uwarsa. Na yi tawa sallar a nan kan tabarma, Allah ya yafe mini, rabin hankalina na kan allura. Baba ya dawo, ya mayar da filogi, uwa ta kama, saƙo ya tafi. Na jira allura ta sauko. Minti biyar, goma, rabin awa. Tana nan a sama ƙyam.

Dariya ta kubce mini, irin wadda ba ta da birki. Baba ya tsaya yana kallona.

"Lahiya, ɗiyata?"

Na tambaye shi ko kullum haka yake yi. Ya ce kowace salla, sau biyar a rana, tun ranar da muka rataye abin. Ya ce yana saurayi ya ga rudun wani maƙwabcinsu ya ƙone ƙurmus a kan tartsatsin waya, tun daga nan ya yi wa kansa doka.

"Ban barin abu mai wuta kusa ga kara in tahi. Wagga uwa taku tana ƙyalli, kuma in ka taɓa ta da ɗumi. Amanar mutane ce ciki, ba tawa ba."

Akwatunan kuwa bai taɓa su ba, tunda ba su da fitila, ya ɗauka ba su da wuta. Mai gadin Maiyama shi ko ginin zai faɗi ba ya taɓa filogi, shi ya sa can ba mu ga komai ba.

A kan tabarmar nan na buɗe kwamfuta na shiga cikin direba. Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su kai nan ba tukuna. Direba yana riƙe da ƙidaya, kamar mai jefa tsakuwa a ƙwarya. Duk wanda ke bukatar cif a farke sai ya jefa ɗaya, in ya gama ya ɗauke tasa. Ƙwarya ta zama wayam, cif ya kwanta. Na bi hanyar da ake bi idan uwa ta ɓace: an jefa tsakuwa don a neme ta, daidai. Na bi hanyar dawowarta, na karanta sau uku ina nuni da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Babu inda aka ɗauke tsakuwar. Waɗanda suka rubuta direban, ƙwararru ne na gaske, amma a inda suke babu mai zare filogi don zai tafi masallaci, don haka hanyar nan ba a cika bin ta ba. Da an sa sabon batir ƙidaya kan fara daga babu, cif ya yi ta barci har sallar farko, daga nan ido biyu har batir ya ƙare.

Layi ɗaya na ƙara. Layi ɗaya tak, bayan mako biyu ina zargin rana, da mai sayar da batir, da bawan Allah.

Alhamis na dawo da gyararren akwati tun da safe, ban iya jiran azahar ba. Na roƙi Baba ya zare. Ya zare, allura ta hau. Ya mayar, ta yi jim, sai ta sulale ƙasa. Na yi tsalle har gyalena ya kama kara. Na ce ya sake. Ya sake. Na ce don Allah sau ɗaya kuma. A na bakwai ya ce shi fa tsoho ne, kafaɗarsa ta fara magana, amma na ga yana danne murmushi cikin gemu. Na kira Injiniya Bashar ina magana ba waƙafi, sai da ya ce in numfasa in fara daga sallama.

Juma'a, kasuwar Jega ta cika ta batse, muka kutsa shagon Alhaji Ummaru da akwati biyu, tsoho da gyararre, da mita biyu, da uwa. Na ce Baba da kansa zai zare filogi a gaban kowa. Ya zare, ya mayar. Allura ɗaya ta sauko, ɗaya ta maƙale a sama, ba waya ko ɗaya a kusa balle caji. Dattawa suka yi ta leƙe suna salati. Nan dariyata ta tsaya, don saura abu mai wuya. Na durƙusa na ce laifin a manhajarmu yake, maganar caji kuma daga bakina ta fito ba tare da na ga komai ba, ina neman gafarar Baba a gaban waɗanda suka ji ta. Alhaji ya tashi daga kujerarsa ya ce Baba ya zauna a kai.

Baba ya ce ya yafe tun Laraba. Ya ƙara da cewa albasa in ta fara ruɓa ana ware ta a jefar, amma magana ba ta waruwa, in kiyaye.

Daga baya na aika facin, wato ɗan gyaran da na yi, ga masu kula da direban a ƙasashen waje, kamar yadda ƙa'ida take. Sau ɗaya suka dawo mini da shi don bayanina ya yi tsawo, na biyu suka karɓa. A al'adar aikin nan akwai layin da ake rubuta sunan wanda ya bankaɗo matsala. Na nemi izinin Baba, na sa nasa. Na je da murnata na gaya masa sunansa ya shiga na'urori a ƙasashen da bai taɓa ji ba. Ya saurara har na gama, ya ce:

"Madalla. To su 'yan acaɓan Aliero, an hwaɗa musu?"

Ranar na bi tasha-tasha da ƙafata ina warware abin da na ƙulla, kuma wannan ya fi gyaran direban wuya nesa ba kusa ba.

Abin da na koya ke nan: a aikinmu na'ura ba ta jin ciwon zargi, mutum ke ji, don haka ka karanta naka layin sau uku kafin ka ambaci sunan kowa. Shi ya sa har yau ba akwatin da ke fita daga ɗakin nan sai an zare wa uwarsa filogi sau biyar an mayar. A takardar gwaji za ku ga an rubuta "gwajin Baba Sambo". Yana nan a Jiga Birni, makullin rudu a aljihunsa, kuma in an kira salla har yanzu zarewa yake yi.