Wurin Suyar Inna

Ranar Litinin ta farko bayan Sallar Layya, shekarar da nake aji biyar a lekol, na fito daga likita, wato asibiti, riƙe da hannun Inna, idonta na hagu a rufe da auduga da filasta. Rana ta take, taksi sun ƙi tsayawa, ni kuwa sai kumbura nake, don ni lokotoron da ya yi mata aikin ido ya damƙa wa kwalaben maganin ɗigawa. Da ma an daɗe wata tsoka ja-ja tana tsirowa a farin idon Inna, daga wajen hanci tana rarrafowa zuwa baƙin ido, kullum ƙaiƙayi da hawaye. Lokotoron ya ce ya kankare ta, ya yanko ƴar siririyar fata daga saman idon ya lulluɓe wurin don kada ta sake tsirowa. Sannan ya ɗaga mini yatsa: "Ke ce ƴar sanda. Ban da hayaƙi, ban da rana, sai wurin ya kama. In tsokar ta dawo, da fushi take dawowa."

Bawan Allah bai san da hayaƙi muke ci ba. Tun rasuwar Baba, Inna ke suyar masa a bakin titin unguwar Kalley, ƙarƙashin wata bishiyar bedi mai inuwa, da tandar ƙarfe wadda Baba ya sa maƙera suka yi mata. Ni ke jiƙa shinkafa, ni ke kai niƙa inji, in dawo da bokiti a ka ƙullu na ɗiga mini a wuya, sannan in sheƙa lekol ina warin hayaƙi, yara na kirana Kulu mai masa. Shi kuwa wurin suya a Kalley ba saya ake yi ba. Wadda ta kafa duwatsun murhu take hura wuta kowace safiya, ita ke da wuri. In toka ta huce ƴan kwanaki, wata za ta zo ta kafa nata, kuma ba mai cewa uffan.

Tanti Rabi ce ta raba mu da wannan fargaba. Aminiyar Inna ce tun suna ƴammata a Tawa, gida ɗaya muke haya, ƙwarya ɗaya suke shan fura. Ita ta koya mini kitso da carafke, ba ta taɓa kiran sunana ba sai "ɗiyata". Wallahi ina sonta, har nakan yi fatan da ita ta haife ni duk ranar da Inna ta zane ni. Ta dafa ƙirji a tsakar gida ta ce, "Ki kwanta ki warke, aminiya. Wurinki amana ne a hannuna." Inna ta miƙa mata tanda, ta koya mata yadda take kwaɓa ƙullu har masa ta tashi fam.

Ni kuwa na kama aikin ƴar sanda da gaske. Kafin in tafi lekol sai na buɗe idon na ɗiga magani, in na dawo in sake. Na kwashe murhun gida na mai da shi bayan ɗaki. Na bar gaɗa, na bar carafke, ina zaune bakin ƙofa kamar kaza kan ƙwai. Inna na sanye da baƙin tabarau ko'ina, matan gida na tsokanarta wai ta zama ƴar fim. Idon ya fara washewa, ja na raguwa, har nakan ɗaga labule in leƙa shi in yi ta murna ni kaɗai.

Da fari Tanti na kawo ciniki kowane hantsi. Daga baya sai yau ba kasuwa, gobe itace ya yi tsada. Sai ta ce in daina kawo ƙullu, za ta riƙa kwaɓa nata. Ba a jima ba ta tattara ta koma wani ɗaki a unguwar Maourey, wai ya fi mata iska. Da hatsi ya ƙare a gida, Inna ta yafa mayafi ta ja ni muka tafi wurin suyar. Muka tarar da sabuwar rumfar kwano a gindin bedin, mutane sun yi layi. Tanti ko miƙewa ba ta yi ba. Tana juya masa ta ce, "Maman Kulu, ai lokotoro ya hana ki hayaƙi. Taimakonki nake. Wuri kuma na Allah ne." Maman Kulu fa, ba aminiya ba! Mai shayin da ke gefe, wanda ya sha cin masar Inna kyauta, ya sunkuyar da kai ya ce su dai wadda ke hura wuta suka sani. Na dubi Tanti ko za ta ce ɗiyata, ko kallona ba ta yi ba. Ranar na san zafin cin amana, kuma har yau bai huce ba.

Inna ba ta yi cacar baki ba. Washegari ta aro tanda ta kafa duwatsu a wani fili gefen Babbar Kasuwa, ba bishiya ba rumfa, rana na dukan fuskarta tun fitowa. Na ɓoye ashana, na yi kuka, na tuna mata da lokotoro. Ta ce, "Kulu, idona zai iya jira, cikinku ne ba ya jira." Tabaran ma cire shi take, don masu saye ba sa gane ta. Kafin damina ta faɗi, wata safiya na buɗe idon zan ɗiga magani, sai ga jan zare ya leƙo daga wajen hanci. Ni na fara ganinsa, na rufe idon ban faɗa mata ba. Tsokar ta dawo da fushinta kamar yadda aka ce. An sake aiki daga baya, amma ya bar farin tabo a baƙin idon, inuwa kawai take gani da shi.

Yanzu Inna na gidana a unguwar Bobiel, da gas muke girki, jikokinta ba su san warin hayaƙi a tufafi ba. Bara sai ga Tanti Rabi ta yi sallama, ta tsufa, ga irin tsokar nan ta cinye rabin idonta, tana tambayar likitar da aka yi wa Inna aiki. Na so in nuna mata ƙofa. Inna ta ce in ɗauki makullin mota in kai ta. Muna zaune kan benci muna jiran kira, Tanti ta kamo hannuna ta ce, "Ɗiyata, an ce in aka yi, ban da hayaƙi. Wa zai riƙe mini wurin?"

Na zare hannuna a hankali. Har gobe da tandar Baba take suya.