Baba Gado da Jan Zarensa

Da an sallame asuba, Baba Gado zai ɗaure gorar ruwa a kekensa, ya soke fensir a hula, ya bar garinmu Agiye. Shekara ashirin da bakwai yana yi wa buro, wato ofishin gandun daji, wannan sintiri. Kowace kaka sai ya zana taswirar karkararmu a takarda shara-shara: ga gonaki, ga burtali, ga tabkin Gawo Uku. Ya ɗora ta bana kan ta bara, ya ɗaga wa rana, sai ka ga abin da ya matsa da abin da ya ɓace. Inda wani abu ya haifi wani, ya ɗinke su da jan zare.

Mu kuwa sai muka laƙaba masa Tela. Wallahi har da ni a masu dariyar.

Shekarar Taron Ƙasa, da siyasa ta dawo, Arɗo Bakari, wanda garkensu ke shan tabkin nan tun kakanni, ya tare shi a hanya.

"Malam Gado, ruwan nan guduna yake. Me na yi masa?"

"Ba kai ba ne, Arɗo. Bi zaren nan. An sare gawon tudu don ƙarin gona, iska ta kwashi rairayi, rairayi ya gangaro tabki. In ba a bar sauran itatuwan ba, damina uku ka nemi wata mashaya."

Ba ƙofar da Baba Gado bai ƙwanƙwasa ba. Ina! Hankalin kowa na kan jam'iyyu. Wani ɗan takara ma ya karɓi taswirar, ya yi fifita da ita, ya miƙo masa abarsa.

Damina uku cif, aka shuka gujiya a tsakiyar tabki. Arɗo ya kaɗa shanunsa kudu, bai dawo ba. Gonaki suka rasa taki, gero ya ƙanƙance. Wannan zaren ma Baba Gado ya ɗinka, yana share ƙwalla.

Kai ne ka faɗa tun da sauran gyara, Baba. Idon karkara, mun ji kunyarka. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ka yafe mana. Ku kuma samarin da kuka yi lakol, kuka san boko, ga keke nan jingine, ga fensir. Wani ya zana ta bana.

Don shi kam ya ajiye aiki, yanar ido ta rufe masa gani. Ranar Juma'a na je gaishe shi, ya laluba ya ɗora mini takardun a cinya.

"Ɗaga wa rana, ɗana. Akwai zaren da na bari bai ƙare ba. Gaya mini inda ya dosa."

Na ɗaga. Rijiyar garinmu ya dosa.